Wa Ya Gaya wa Kwamfuta Jirgi Ya Sauka?

Ranar 14 ga Satumbar 1993 ana tsuga ruwan sama a Warsaw, babban birnin Poland, lokacin da jirgin Lufthansa ƙirar Airbus A320 ya iso daga Frankfurt ɗauke da mutum 70. Labarin da matuƙan suka samu shi ne iska tana bugowa daga gefe, don haka suka ƙara gudu, suka ɗan karkata jirgin dama. Ashe iskar ta riga ta juya, ta koma tana ingiza su daga baya. Tayoyin dama suka taɓa kwalta a mita 770 daga farkon titin sauka. Na hagu kuwa sai da suka ƙara daƙiƙa 9 a iska, ba su dira ba sai a mita 1,525, alhali titin gaba ɗayansa mita 2,800 ne. A tsawon waɗannan daƙiƙu jirgi na ta sheƙa gudu, duk abin da zai rage masa gudu kuma yana kulle. Ya zarce ƙarshen titi, ya daki wata ganuwar ƙasa, ya kama da wuta. Mutum biyu suka rasu.

Babu abin da ya lalace a kwamfutar jirgin. Abin da aka rubuta mata shi ta yi. An hana ta barin matuƙi ya juya ƙarfin injin baya sai jirgi yana ƙasa, kuma hanin yana da hujja, domin a 1991 wani jirgin Lauda Air ya tarwatse a sararin Thailand da mutum 223 bayan injinsa ɗaya ya juya ƙarfinsa baya ana cikin tafiya. To amma kwamfuta ba ta leƙa taga. Ta yaya za ta san jirgi ya sauka? Masu ƙira sun ba ta alamu biyu: nauyin tan 6.3 ya danne kowace ƙafar jirgi ta hagu da ta dama, ko tayoyi su riƙa juyawa da gudun da ya haura kilomita 133 a awa. Juya injin baya yana jiran alamar farko. Fayafayan da ke miƙewa a kan fuka-fuki su danne jirgi suna jiran ɗaya daga cikin biyun. Ran nan ƙafa ɗaya tana sama, tayoyin da suka sauka kuma suna sulɓi a kan ruwa ba su juya sosai ba. Masu bincike sun ɗora mafi yawan laifin a kan shawarar matuƙan da kuma tsohon labarin iska da aka ba su, amma daga baya an sassauta sharaɗin nauyin.

Duk ɗalibin injiniya da ya zauna gaban Simulink, ko wata manhajar kwaikwayo irinta, yana shirin cika jadawalin gaskiya, wannan labari nasa ne. Cika jadawali shi ne ɓangaren da ya fi sauƙi, shi ne kuma matasa suka fi ɗokin kaiwa. Aikin da ke cin lokaci, wanda kuma rai da dukiya suka rataya a kansa, yana gaba da wannan: a zauna a fayyace mene ne zai shiga jadawalin, daga ina ya fito, da wane ma'auni aka auna shi, ina iyakarsa, sannan mene ne zai fita, ina za shi.

Jadawalin gaskiya tsohon abu ne. George Boole ya shimfiɗa lissafin e da a'a a littafinsa na 1854. A 1921 Emil Post da Ludwig Wittgenstein, kowa a nasa aikin, suka fito da jadawalin da ke jera duk yadda sharuɗɗa za su iya haɗuwa tare da sakamakon kowace haɗuwa. A 1937 Claude Shannon, yana ɗalibin digiri na biyu a MIT, ya nuna cewa wannan lissafi shi ne lissafin makunnan lantarki. Daga nan ya shiga hannun injiniyoyi.

A Stateflow, ɓangaren Simulink da kamfanin MathWorks na Amurka ya tanada don tsara hukunci, jadawalin kashi biyu ne. A sama ana jera sharuɗɗa, kowane a layinsa na kwance. Kowane layi na tsaye kuma hukunci ɗaya ne, inda ake sa T idan ana son sharaɗin ya tabbata, F idan ana son ya ƙi, ko ɗan kara a kwance idan ba a damu da shi ba. A ƙasa akwai jerin ayyukan da za a aikata, kowane hukunci yana nuna nasa. Manhajar tana duba hukunce-hukuncen daga hagu zuwa dama, na farkon da ya dace shi take ɗauka, ta bar sauran. Amma kafin duk wannan ya motsa, sai an yi wa kowane bayani rajista: wannan mai shigowa ne daga waje, wannan mai fita ne, wannan na cikin gida ne da jadawali zai riƙa ajiya a ciki, wancan kuma adadi ne da ake saitawa kafin a fara gwaji. Kowane yana da suna, da nau'i, da girma, da mafi ƙanƙantar ƙima da mafi girma. Ɗalibai da yawa suna wuce wannan shafi a guje, su bar komai yadda suka tarar.

A ɗauki aikin da ɗalibin shekarar ƙarshe zai iya zaɓa: na'urar da za ta kula da famfon rijiyar burtsatse mai aiki da batir da hasken rana, tana cika tankin sama mai tsayin santimita 200. Sharuɗɗa uku ne. Ruwan tanki ya yi ƙasa? Akwai ruwa a rijiya? Akwai isasshiyar wuta? Haɗuwa takwas ke nan, a ɗaya kawai famfo zai tashi. Cikin minti goma ɗalibi ya gama, ya danna maɓallin gwaji, layi ya hau ya sauka a allo yadda ake so. Malamin da ya san aikinsa ba zai kalli jadawalin ba tukuna. Zai ɗora yatsa a kan sharaɗin farko ya tambaya: ƙasa da nawa?

A ce ƙasa da santimita 40. To idan ruwa ya tsaya daidai 40 fa, ya yi ƙasa ko bai yi ba? Dole a zaɓi ɗaya a rubuta. Sai maganar tsayawa. Ɗalibi ya rubuta cewa famfo ya tsaya idan ruwa ya zama daidai 180. Manhajar kwaikwayo kuwa taku-taku take tafiya, a wannan taku ruwa yana 179.7, a na gaba yana 180.2, bai taɓa taka 180 cif ba. Famfo ya ci gaba da zuba, tanki ya yi ambaliya a allo, ɗalibi yana neman kuskure a cikin T da F inda babu shi. Lambobi masu ɗigo ma a kwamfuta ba su cika zama cif ba: a haɗa 0.1 da 0.2 a tambaye ta ko sun yi daidai da 0.3, za ta ce a'a, saboda yadda take ajiye su da sifili da ɗaya. Shi ya sa sharaɗin da ya shafi abu mai hawa da sauka ake rubuta shi da “ya kai ko ya wuce”.

Sharaɗin wuta ya fi wannan daɗin nazari. A ce an yanke cewa wuta ta isa idan batir ya haura volt 24. Da safe batir yana nuna 24.5, sharaɗi ya tabbata, famfo ya tashi. Tashinsa ke da wuya sai ya ja wuta, batir ya faɗo 22.8, sharaɗi ya ƙi, famfo ya tsaya. Yana tsayawa batir ya koma 24.5. Sai ya sake tashi. Wanda ya tsaya kusa da akwatin zai ji rilen da ke kunna famfo yana ta ƙas-ƙas ba ƙaƙƙautawa har bakinsa ya ƙone, injin famfo kuma yana shan bugun tashi sau ɗari a banza. Jadawalin bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Matsalar ita ce jadawalin gaskiya ba ya tuna jiya, abin da ke gabansa a wannan taku shi kaɗai yake gani. Idan ana son ya san cewa famfo ya riga ya tashi, sai an ba shi wannan labari a matsayin bayani na huɗu, sannan a raba iyakar gida biyu: ba za a tashi ba sai batir ya haura 24, amma idan an riga an tashi ba za a tsaya ba sai ya faɗo ƙasa da 22. Haka ma ruwan tanki, 40 don tashi, 180 don tsayawa, tsakaninsu a ci gaba da abin da ake yi. Ɗalibin da ya ja waya kai tsaye daga mafitar jadawali ya mayar da ita mashigarsa zai ga Simulink ya yi ƙorafin cewa lissafi yana bin wutsiyarsa. Maganin shi ne a sa akwatin da ke jinkirta ƙima da taku ɗaya a tsakani, kuma a faɗa masa ƙimar da zai fara da ita. Wannan ƙimar farko ita ce amsar tambayar da ba a cika yi ba: da aka dawo da wuta, famfo a kashe yake ko a kunne?

Sai nau'in lamba. Manhaja a kan kwamfutar tebur tana da yalwa, tana ajiye kusan komai a ma'ajiyar bit 64. Ƙaramar na'urar da za a ɗora wa aikin a ƙarshe ba ta da wannan yalwa, don haka ake matse lambobi. Tsayin ruwa a ma'ajiyar bit 8 marar alamar ragi yana ɗaukar 0 zuwa 255, ya ishi tankin santimita 200. Ranar da aka sauya tanki da mai tsayin 300, ruwa ya cika fal, lambar ko dai ta maƙale a 255 ko ta zagayo ta zama 44, ya danganta da yadda aka saita. Idan ta zagayo, na'ura za ta ga tanki cikakke kamar wanda ya kusa ƙafewa.

Irin wannan zagayowa ta taɓa cin rai. Therac-25, injin gashin cutar daji da aka ƙera a Kanada, ya yi wa marasa lafiya mummunan ƙuna a haɗurra shida da aka sani tsakanin 1985 da 1987. Ɗaya daga cikin kurakuransa wata alama ce mai bit 8 da ya kamata ta ce e ko a'a kawai, amma mai rubutu ya riƙa ƙara mata ɗaya duk zagaye. A zagaye na 256 sai ta koma sifili, sifili kuma yana nufin komai lafiya, ba sai an duba ba. Rokar Ariane 5 ta Turai ma, ranar 4 ga Yunin 1996, ta kauce hanya ta tarwatse kusan daƙiƙa 40 da tashinta daga Kourou, saboda an tura lamba mai bit 64 cikin ma'ajiyar bit 16 wadda ba ta wuce 32,767. An gaji manhajar ne daga Ariane 4, wadda gudunta na gefe bai taɓa kai wannan lamba ba. Iyakar da ta dace da tsohuwar roka ba wanda ya sake auna ta da sabuwa. Abin da ya ƙara dagula lamarin, na'urar da ta gaza ta aika saƙon gazawarta, kwamfutar da ke tuƙi kuma ta karanta shi a matsayin bayanin tafiya.

Ma'auni kuwa labarinsa gajere ne. Kumbon Mars Climate Orbiter ya ɓace ranar 23 ga Satumbar 1999 domin wata manhaja a ƙasa tana fitar da ƙarfin turi da ma'aunin fam na Amurka, wadda ke karɓa kuma tana ɗaukarsa a matsayin niwton. Bambancin ninki 4.45 ne. Kumbon da aka nufa ya wuce duniyar Mars a tazarar kilomita 226 ya gangaro kusan 57. A aikin famfo wannan shi ne abokin aiki ya turo tsayin ruwa da mita, 1.8, jadawali yana jiran 180. Simulink yana ba da damar rubuta ma'auni a kan kowace mashiga da mafita, ya kuma yi gargaɗi idan sun saɓa, amma sai ga wanda ya rubuta.

Akwai tambayar da, a ganin mai wannan rubutu, ita ce ke raba ɗalibi da injiniya: idan na'urar aunawa ta mutu, me jadawali zai gani? A cikin kwaikwayo waya ba ta tsinkewa, ɓera ba ya cin ta, rana ba ta gasa ta. A kan hasumiyar tanki duk suna faruwa. Idan sifili yana nufin tanki ba ruwa, waya tsinkakkiya ma sifili take bayarwa, to ranar da ta tsinke famfo zai yi ta aiki har rijiya ta ƙafe. Masana'antu sun daɗe da magance wannan da tsarin miliamfiya 4 zuwa 20: tanki wayam yana aika 4, cikakke yana aika 20, sifili kuwa ba ya nufin komai sai lalacewa. Darasin ga mai jadawali shi ne kowane bayani mai muhimmanci ya zo da ɗan rakiyarsa, wani e ko a'a da ke cewa a yarda da wannan awo ko kada a yarda. Kuma hukuncin da ya shafi rashin yarda a sa shi can hagu, farkon abin da manhaja za ta duba. Jiragen Boeing 737 MAX biyu da suka faɗi a Indonesiya a 2018 da Habasha a 2019, da mutum 346, suna da tsarin da ke dunƙufar da hancin jirgi bisa maganar na'urar aunawa guda ɗaya tak, alhali jirgin yana da biyu.

Ɓangaren fita ana yi masa riƙon sakainar kashi fiye da na shiga. A ce jadawali yana da mafita biyu, famfo da fitilar gargaɗi. Ɗalibi ya rubuta aikin da ke kunna fitila idan rijiya ta ƙafe, bai rubuta inda za a kashe ta ba. A taku na gaba fitilar ko ta riƙe tsohuwar ƙimarta ko ta koma ta farko, gwargwadon saitin manhaja, kuma ɗalibin bai zaɓi ko ɗaya ba da saninsa. Hanya mafi tsabta ita ce kowane hukunci ya faɗi matsayin kowace mafita, ko a sa aikin share fage da ke mayar da su duka matsayin aminci kafin a fara duba sharuɗɗa. A kuma rubuta ma'anar ɗaya da sifili baro-baro, domin akwai allunan rile da yawa a kasuwa da sifili ne ke kunna su. Layin tsaye na ƙarshe, wanda duk karan kwance ne, shi ke kama duk abin da sauran suka bari ya wuce. Kada a cika shi don kawai manhaja ta daina ƙorafi. A famfo amsarsa a kashe. A birkin mota ko injin numfashi na asibiti kashewa ba aminci ba ne, sai an yi tunani.

Yawan mashigai ma abin lura ne. Sharaɗi 3 haɗuwa 8, sharaɗi 10 haɗuwa 1,024, sharaɗi 20 sun haura miliyan. Stateflow zai iya nuna haɗuwar da aka manta da kuma hukuncin da ba za a taɓa kaiwa gare shi ba saboda na hagunsa sun shanye shi. Abin da ba zai iya nunawa ba shi ne an manta da wani sharaɗi ɗungurungum. Jadawalin da ya kumbura ya fi kyau a raba shi: ƙarami ɗaya ya yanke ko wuta lafiya, wani ya yanke ko ruwa lafiya, na uku ya karɓi amsoshinsu. Sunaye kuma su faɗi abin da suke ɗauke da shi. Mashigai biyu masu e ko a'a da aka kira u1 da u2, idan aka sarƙe wayoyinsu, babu gargaɗin da zai fito, tunda nau'insu ɗaya. Lambobi irin 40 da 180 su ma a ba su suna a ajiye su wuri ɗaya, kada a warwatsa su cikin sharuɗɗa.

Wannan tarbiyya tana da tarihi. A ƙarshen shekarun 1970 David Parnas da Kathryn Heninger da abokan aikinsu a cibiyar binciken sojan ruwan Amurka sun sake rubuta bayanin manhajar jirgin yaƙi A-7E da jadawalai. Kafin jadawalan sai da suka cika wa kowane bayani mai shiga da mai fita takardarsa, da sunansa da ma'anarsa da iyakarsa, har suka riƙa kewaye sunan mai shiga da karkatacciyar sanda ɗaya, na mai fita da biyu, don kada ido ya rikita su. A 1995 Parnas da Jan Madey suka fayyace cewa abubuwa huɗu ne, ba biyu ba: abin da ke faruwa a duniya wanda ake son sani, lambar da ta iso kwamfuta a madadinsa, lambar da kwamfuta ta fitar, da abin da ya motsa a duniya saboda ita. Tsayin ruwa daban, lambar da na'urar aunawa ta aiko daban. Tsakanin biyun akwai jinkiri, da kuskuren awo, da ranar da za su raba hanya gaba ɗaya, kuma duk wannan sai mutum ya rubuta shi da hannunsa.

Babu ɗaya daga cikin wannan da ke bukatar lasisin Simulink, wanda tsadarsa ta fi ƙarfin ɗalibai da yawa. Mai amfani da Scilab ko OpenModelica, waɗanda kyauta ne, zai yi tambayoyin nan, haka ma mai rubuta wa Arduino kai tsaye. Takarda guda ta isa: layi ɗaya ga kowane bayani, a rubuta sunansa, shiga ne ko fita, nau'insa, ma'auninsa, iyakarsa ta ƙasa da ta sama, ƙimarsa ta farko, inda ya fito, da abin da zai nuna idan ya lalace. Ɗalibar da ta kai wa malaminta wannan takarda kafin ta buɗe kwamfuta za ta ga rabin gardamar ranar kare aiki an riga an yi ta a ofis, cikin natsuwa.

Takardar ce kuma ke haifar da gwaji. Kowace iyaka da aka rubuta tana ba da gwaji uku, ƙasa da ita kaɗan, daidai ita, sama da ita kaɗan: 39, 40, 41. Kowane ɗan rakiya yana ba da gwajin tsinka waya. Masu manhajar jiragen sama, a ƙarƙashin ƙa'idar DO-178, ana tilasta musu a mataki mafi tsanani su nuna cewa kowane sharaɗi shi kaɗai zai iya sauya hukunci idan aka riƙe sauran a tsaye. Ga jadawalin famfo mai sharaɗi uku wannan gwaji huɗu ne kacal: a fara da duka ukun sun tabbata famfo yana aiki, sannan a kashe su ɗaya bayan ɗaya a ga ya tsaya. Bayan nan a ɗora samfurin batir mai faɗuwa idan an ja wuta, a bar kwaikwayon ya yi tafiyar yini guda daga asuba zuwa magariba, a ƙirga sau nawa famfo ya tashi.